Yadda za ka saba da taminal ɗin Linux ba tare da ka ɓata komai ba

Ranar da na fara buɗe taminal a Ubuntu, wani nau'in Linux, wallahi da sauri na rufe, allo mai duhu kawai da wani ɗan layi yana ta ƙyaftawa kamar jira yake in yi kuskure. Ashe ba wani abu ba ne, kwamfutar ce ke jira ka rubuta mata abin da kake so maimakon ka yi ta yawo da maus.

In Ubuntu ko Mint (shi ma nau'in Linux ne) gare ka, danna Ctrl da Alt da T tare zai buɗe. Abin da za ka fara sawa a ranka shi ne kullum a cikin wata folda kake tsaye, ko ka sani ko ba ka sani ba. Rubuta pwd ka buga Enter, zai faɗa maka inda kake. ls kuma ya nuna maka abin da ke wajen. cd Documents zai shigar da kai ciki, cd .. ya dawo da kai baya taki ɗaya, in ka ɓace gaba ɗaya rubuta cd shi kaɗai ka ga ka dawo gida, wato foldar da ka fara. Amma fa Linux ba ya haɗa babban baƙi da ƙarami, documents daban Documents daban, wannan ya ci mini lokaci ba kaɗan ba.

Kar ka koya a kan fayilolinka na gaske. Yi mkdir gwaji sannan cd gwaji, a nan za ka yi duk ɓarnarka. touch wasika.txt zai ƙirƙiri fayil wanda ba komai a ciki, cp wasika.txt kwafi.txt ya kwafe shi, mv kwafi.txt sabo.txt ya canza masa suna, kuma da mv ɗin nan dai ake ɗauke fayil a kai shi wata folda.

To sai rm, nan ne ake kuka. Abin da ka goge da shi ba ya zuwa kwandon shara balle ka je ka ɗauko, ya tafi ke nan. Ni har yau rm -i nake rubutawa don ya tambaye ni tukuna. Kuma duk wanda ya turo maka umarni mai sudo da rm -rf a ciki ya ce ka liƙa kawai, dakata sai ka gane me zai goge, don sudo ikon mai gida yake ba ka a kan kwamfutar baki ɗaya.

Da sudo ake saka manhaja, misali sudo apt update sannan sudo apt install vlc. Zai nemi kalmar sirrinka, kana bugawa wataƙila ba za ka ga komai ba ko ɗigo, kibod ɗinka lafiya lau, haka aka yi shi, ka gama ka buga Enter.

Haddar umarni kuwa ba sai ka wahala ba. Rubuta farkon sunan fayil ka danna Tab ya ƙarasa maka, kibiyar sama ta dawo da abin da ka rubuta ɗazu. Abu ya maƙale, Ctrl da C ke tsayar da shi, shi ya sa kwafi a nan Ctrl Shift C ne, liƙawa kuma Ctrl Shift V. In ka manta aikin wani umarni rubuta man da sunan umarnin, misali man ls, ka karanta, in za ka fita danna q, ni sai da na rufe tagar gaba ɗaya kafin in gano wannan.