Yadda Masana'antar Shinkafa a Kebbi Za Ta Lissafa Hayaƙinta

Da farko a ƙayyade shekarar lissafi da iyakar masana'antar, kamar yadda ISO 14064-1, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta lissafa iskar da ke ɗumama duniya, ta tanada.

Sannan a tattara rasiɗan dizal na janareta da motocin dako, a haɗa litocin, a ninka da 2.7, domin kowace lita tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon. Wutar lantarkin da aka saya a rubuta ta daban.

Mataki mafi wuya yana fadamun Argungu da Suru, inda ruwan da ke kwance a gonar shinkafa yake haifar da iskar metan, wadda ita ma take ɗumama duniya, don haka dole a tambayi manoman da masana'antar ke sayen shinkafarsu faɗin gonakinsu da kwanakin da ruwa ya yi a ciki.

Daga nan a miƙa rahoton ga mai tantancewa mai zaman kansa.