Yadda Ake Haɗa Ƙoren da Ke Magana Idan An Taɓa Ruwan Cikinsu

Akwai wani nau'in aikin fasaha da ba ya kammala sai mai kallo ya sa masa hannu, domin taɓawar ce ke tayar da shi. Abin da za a bayyana a nan misali ne guda na irin wannan aiki, wanda ɗaliban sakandare, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko wata ƙungiyar matasa a unguwa za su iya haɗawa a Sakkwato. Ƙore biyar ne cike da ruwa a jere a gaban tabarma, kowace ƙwarya tana wakiltar ɗaya daga cikin ƙofofin tsohon gari, kuma duk wanda ya tuɓe takalmi ya hau tabarmar ya tsoma yatsa a ruwa, sai ya ji muryar wani dattijo tana ba shi labarin wannan ƙofa.

Asirin aikin shi ne jikin ɗan Adam yana wuce da lantarki saboda ruwa da gishirin da ke cikinsa. Na'urar da za ta lura da hakan wani ɗan allo ne mai suna Makey Makey, wanda Jay Silver da Eric Rosenbaum suka ƙirƙiro a cibiyar MIT ta Amurka, ya fito kasuwa a 2012. Idan aka jona shi da kwamfuta ta kebul ɗin USB, kwamfutar tana ɗaukarsa a matsayin allon rubutu ne kawai, don haka ba ya buƙatar wata manhaja ta musamman. Waya ɗaya tana fita daga allon zuwa cikin ruwa, wata kuma zuwa ƙarƙashin ƙafar mutum. Da zarar yatsa ya taɓa ruwa, zagayen lantarkin ya haɗe ta cikin jiki, sai allon ya shaida wa kwamfuta cewa an danna maɓalli. Wutar bolt 5 ce, kuma abin da ke ratsa jiki bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) ba, saboda haka ba a jin komai.

Mataki na farko ba shi da alaƙa da waya ko kwamfuta, kuma a ganina shi ne ke raba aiki mai kyau da wasan yara. A zauna a yanke shawarar wane motsi ake so mutum ya yi, kuma a zaɓi motsin da ya riga ya saba da shi. A ƙasar Hausa ba sai an rubuta wa kowa sanarwa kafin ya tuɓe takalmi a bakin tabarma ba, wannan ɗabi'a kuwa ita ce ke warware babbar matsalar wannan na'ura, wato yadda za a sa fatar mutum ta taɓa wayar ƙasa, wadda ke zuwa ƙarƙashin ƙafa, ba tare da an miƙa masa ƙarfe ya riƙe ba. Haka nan ƙwarya da ruwa ba baƙin abu ba ne ga wanda ya taso yana ganin mata suna kiɗan ƙwarya a gidan biki. Idan baƙo ya tsaya yana neman wanda zai yi masa bayani kafin ya san abin da zai yi, to tun daga zaɓen motsin aka yi kuskure.

Daga nan sai a tara kaya. Ana buƙatar allon da wayoyinsa masu bakin kada, wato ɗan mamatsin ƙarfe mai haƙora da ke kama waya, waɗanda akan sayar tare da shi, kuma galibi sai an yi odarsa ta intanet. Sauran kayan duk ana samunsu a kasuwar gari: ƙore biyar marasa tsaga, tabarmar roba ko ta kaba, takardar alminiyam irin ta naɗe abinci, siririyar wayar tagulla mai rufi, salatif, gishiri kaɗan, da lasifika mai batir. Sai kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya wadda batirinta ke riƙe caji. Wanda ya iya rubuta manhaja zai iya maye gurbin allon da wani allon lantarki mai suna Arduino Leonardo, domin ƙwaƙwalwarsa iri ɗaya ce da ta samfurin Makey Makey na farko, amma zai ƙara jerin abubuwan rage wuta masu ƙarfin gaske, ya kuma rubuta umarnin da kansa. Ga mai farawa, wannan ƙarin wahala ce da ba dole ba.

Mataki na uku shi ne ɗaukar sauti, kuma nan ne ya kamata mafi yawan lokaci ya tafi. A zaɓi ƙofofi biyar, misali Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Atiku da Ƙofar Taramniya, a je wurin dattawan kowace unguwa a roƙe su labarin da suka gada game da wurin. A fara gabatar da kai ga mai unguwa, a bayyana wa mai magana cewa jama'a za su ji muryarsa a bainar taro, kuma kada a ɗauka sai ya amince. Wayar hannu ta isa, amma a shiga ɗaki mai labule da katifa, a kashe fanka, a nisanci ƙarar janareta da babura, a riƙe wayar kamar taƙi ɗaya daga baki. Abin da aka ji a bakin mutane yana da kyau a gwada shi da abin da ke rubuce, kuma Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu wuri ne da ya dace da wannan bincike. Tun da Muhammadu Bello ya kafa garin a matsayin cibiyar daula a 1809, labaran unguwanni sun bi ta bakuna da yawa, ba kuma abin mamaki ba ne a sami ruwayoyi biyu a kan ƙofa ɗaya.

Bayan haka a tace sautin da manhajar Audacity, wadda kyauta ce. Dattijo zai iya yin magana ta minti goma, amma wanda ke tsaye da jiƙaƙƙen yatsa, ga layi a bayansa, da wuya ya jure fiye da daƙiƙa talatin. A yanko jimloli uku ko huɗu mafi daɗi, a cire shirun da ke farko gaba ɗaya, saboda idan aka taɓa ruwa sautin bai fito nan take ba, mutum zai zaci abin ya lalace. Ana iya sa ɗan sautin sana'ar unguwar a ƙarƙashin muryar, kamar bugun maƙera ko lugude, muddin bai danne magana ba. Abu ɗaya da ya kamata a kiyaye shi ne kada a saka karatun Alƙur'ani a irin wannan aiki, tun da yara za su riƙa katse sautin suna maimaita shi don wasa.

Haɗa sautin da maɓallai aiki ne na ɗan lokaci. A sauke manhajar Scratch, wadda ake ba kwamfuta umarni da ita ta hanyar jera tubala a kan allo, ita ma daga MIT ta fito a 2007, a zaɓi wadda ke aiki ba tare da intanet ba. A loda sautukan biyar, sannan ga kowanne a jera tubala uku: wanda ke jiran a danna wani maɓalli, wanda ke tsayar da duk sautin da ke tafiya, da wanda ke kunna sauti har ya ƙare. Wannan na ƙarshe ya fi wanda ke fara sauti kawai ya wuce, domin idan mutum ya bar yatsansa a ruwa, kwamfuta tana ganin an danne maɓalli ne, sai muryar ta riƙa komawa farko tana in'ina. Fuskar allon tana da kibiyoyi huɗu da maɓallin tazara, adadin ƙoren ke nan daidai. Mai son ƙara ƙofofi zai juya bayan allon, inda akwai ramukan haruffan W, A, S, D, F da G. A gwada komai da allon rubutun kwamfutar tukuna kafin a kawo ruwa kusa.

Yanzu sai haɗin jiki. Busasshiyar ƙwarya ba ta wuce da lantarki, haka ma jemammiyar fatar akuya, don haka ruwan ne ke aikin, ƙwaryar mazubi ce. A fere bakin wayar tagulla kamar tsawon ɗan yatsa, a lanƙwasa ta ta bayan ƙwaryar ta gangara har ƙasan ruwa, a manne ta da salatif ta ɓangaren da mai kallo ba ya gani. Ɗaya bakin a kama shi da bakin kada zuwa maɓallin da aka ware wa wannan ƙofa. A zuba ruwa rabin ƙwarya, a barbaɗa gishiri kaɗan. Kowace ƙwarya ta zauna a kan busasshen gammo, da tazara tsakaninta da 'yar'uwarta, domin ruwan da ya zuba ya haɗa biyu zai sa muryoyi su rikice. A kan tabarma kuma, daidai inda ƙafa za ta sauka, a shimfiɗa takardar alminiyam ninki uku, a manne gefunanta, a jona ta da layin ƙasan allon, inda aka rubuta EARTH. Wanda ke ganin ƙyallin takardar ya ɓata kyan tabarma zai iya amfani da faffaɗan farantin ƙarfe marar fenti. Allon da kwamfutar su zauna a cikin akwati, sama da ƙasa, nesa da inda ruwa zai fantsama, lasifikar kuma a ɓoye ta a bayan ƙoren don a ji kamar daga cikinsu muryar ke fitowa.

Ga wani gargaɗi da ba a sassauta shi. Duk lokacin da mutane ke taɓa ruwan, kwamfuta da lasifika su kasance a kan batir, an zare su daga soket. Wutar allon ba ta da haɗari, amma lalatacciyar caja ko wutar janareta da ta yi tsalle na iya biyo kebul, ga mutum tsaye ba takalmi hannunsa a ruwa. A yi caji kafin taro ko lokacin hutun salla. Mai ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya gara ya tsaya a kallo.

Gwaji a Sakkwato yana da nasa sharuɗɗa, saboda yanayin garin yana shiga cikin aikin kai tsaye. A lokacin zafi, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni kan haura digiri 40, gumi na sa na'urar ta amsa da sauri, sai dai ruwa yana ƙafewa, kwamfuta kuma tana ɗaukar zafi idan akwatin ba shi da ramukan iska. Da hunturu lamarin ya juya. Fata na bushewa, tafin ƙafa ya yi kaushi, mutane kuma sun shafa basilin ko man kaɗe, waɗanda duk suna tare lantarki, sai a ga wani ya taɓa ruwa shiru. Maganinsa shi ne a ajiye ɗanyen tsumma a bakin tabarma a taka kafin a hau, a kuma riƙa goge ƙurar da ke kwanciya a kan alminiyam ɗin. Da damina kuwa matsalar laima ce: idan tabarma da daɓe suka jiƙe har danshin ya kai ga ƙore, muryoyi za su riƙa tashi ba wanda ya taɓa komai. Leda a ƙarƙashin tabarma tana hana wannan. A duk lokacin da aka rasa inda matsala take, a dubi ƙaramar fitilar da ke kan allon. Idan ta kama amma ba sauti, laifin na kwamfuta ne, wataƙila an danna wata taga ta rufe Scratch. Idan ba ta kama ba, a bi waya.

Kafin ranar taro a kira mutanen da ba su san komai game da aikin ba, yara da manya, a bar su da shi ba tare da bayani ba, a tsaya gefe ana lura da inda suka yi jinkiri. A nan ne akan gano cewa ƙoren sun yi ƙasa da yawa ga tsoho mai ciwon gwiwa, ko sautin ya yi rauni a fili. A nan ne kuma yara kan gano cewa idan ɗaya ya tsaya a tabarma, wani da ke waje ya tsoma hannu a ruwa, muryar ba za ta fito ba sai sun yi musabaha, kuma ana iya tsawaita wannan da mutane da dama riƙe da hannun juna. Idan za a mai da wannan wani ɓangare na nunin, a ware lokacin maza da na mata, ko a shimfiɗa tabarmi biyu, don kada tsarin aikin ya tilasta wa kowa abin da bai dace da shi ba.

A ranar nunin a sa mutum ɗaya ya kula da ruwa, yana canza shi a kai a kai tun da hannaye da yawa ke shiga, a kuma ajiye buta da sabulu a gefe. Ruwan gishiri yana cin tagulla har ta yi kore, saboda haka bayan an tashi a zare wayoyin, a goge bakinsu, a zubar da ruwan, a kife ƙoren a inuwa su bushe a hankali, domin rana kai tsaye tana tsaga jiƙaƙƙiyar ƙwarya.