Yadda Ake Haɗa Bututun Na'urar Ɗumama Gida

A ƙasashe masu tsananin sanyi irin su Kanada, na'urar ɗumama gida ta zamani mai aiki da gas galibi tana amfani da bututu biyu: ɗaya ya shigo da iska domin wuta ta ci, ɗaya ya fitar da hayaƙi. Bututun hayaƙin ne mai buƙatar kulawa sosai, domin dole a karkata shi zuwa na'urar, kwatan inci a kowace ƙafa, yadda tururin da ya zama ruwa zai gangara ciki maimakon ya daskare ya toshe hanya. A liƙe kowace mahaɗa da gam, sannan a ɗaga bakin bututun aƙalla inci 12 sama da inda tarin dusar ƙanƙara yake kaiwa, nesa da taga. Kafin a kunna, lallai ƙwararre ya duba, saboda gubar hayaƙin ba ta da wari, kuma tana kisa.