Yadda ake karanta sassaƙar Salwa Rauda Shuƙair

Wanda zai tsaya gaban aikin Salwa Rauda Shuƙair, masassaƙiyar Labanan da aka haifa a Beirut a 1916 ta rasu a 2017, ya fara cire ran ganin siffar mutum ko ta dabba, domin ba nan hankalinta yake ba. Abin dubawa shi ne tsari da lissafi, da yadda kowane yanki yake riƙe da ɗan'uwansa.

Yana da kyau a san inda idonta ya buɗe. A ziyarar da ta kai Alƙahira a 1943 ta shagala da masallatai da adon gine-ginen Musulunci, inda miƙaƙƙen layi da lanƙwasasshe suke haifar da siffofi ba iyaka. Ta tafi Faris a 1948, har ta yi karatu a ɗakin aikin mai zanen Faransa Fernand Léger, amma wanda ya ɗauke ta mai kwaikwayon Turai bai yi mata adalci ba.

Sai a ba jerin ayyukan da ta kira ƙasidu lokaci mai yawa. Kowannensu tubala ne na itace ko dutse da aka ɗora bisa juna, kuma ta gina su ne a kan tsarin waƙar Larabci, wadda kowane baiti nata yake cin gashin kansa alhali yana cikin ƙasida guda. A ƙirga tubalan daga ƙasa zuwa sama, a ware ɗaya da ido a ga ko zai iya tsayuwa shi kaɗai, sannan a bi layin mahaɗa, inda tudun wannan ya shige kwarmin wancan. Kada a raina ramukan da ta bari, domin haske yana ratsa su, siffar kuma tana sauyawa da zarar mai kallo ya gusa taku biyu. Saboda haka a kewaye aikin gaba ɗaya, ba tare da an taɓa shi ba, ko da yake an yi shi ne yadda za a iya warware shi a sake harhaɗawa.

Wanda hoto kawai zai samu ya nemi sunan yadda gidajen adana kayan fasaha suke rubuta shi, wato Saloua Raouda Choucair, ya fara da hotunan baje kolin da gidan adana kayan fasaha na Tate Modern ya shirya mata a Landan a 2013, ya kuma zaɓi waɗanda suka nuna aiki ɗaya ta fuskoki daban-daban.