Yadda Ake Saita Ƙafar A-kori-kura Ta Yi Tsere Kuma Ta Ja Tirela

A Amurka ba baƙon abu ba ne mutum ya wuni yana jan tirela da motarsa ta a-kori-kura, irin su Ford F-150 ko Chevrolet Silverado ko Ram, ranar Asabar kuma ya shiga da ita filin tseren miƙaƙƙen layi, inda motoci biyu ke zabura daga tsaye su cinye tazarar mita 402, wato rubu'in mil. Hukumar NHRA da Wally Parks ya kafa a 1951 ita ce mafi girma a wannan wasa. Inda gizo ke saƙa shi ne, ayyukan biyu kishiyoyin juna ne: tsere yana son gaban mota ya ɗaga domin nauyi ya danne tayoyin baya, jan tirela kuwa yana son baya ya tsaya ƙyam, gaba kuma ya kama ƙasa saboda sitiyari da birki.

Shawarata ita ce duk abin da za a ɗaure dindindin a zaɓe shi domin tirela, tsere kuma a bar masa abubuwan da ake murɗawa da hannu. Saboda haka kada ka zare ko falle ɗaya daga sifirin na baya don neman laushi, kuma kafin ka taɓa komai ka karanta takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, wadda ta faɗi iyakar nauyin da motar da kowane aksul za su ɗauka. Babu wani ƙarfe da za ka saya ya ƙara wannan adadi.

Gyara na farko, wanda yake amfanar ayyukan biyu, shi ne hana aksul na baya, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya, murɗewa. Idan aka take totur da ƙarfi, tayoyi na juyawa gaba, gidan aksul kuma yana neman juyawa baya, sai ya lanƙwashe sifirin kamar harafin S. Da sifirin ya kai maƙura sai ya ƙwace ya dawo, taya ta saki ƙasa, ta sake kamawa, ta sake saki. Direba zai ji bayan motar yana tsalle kamar ana dukan bodin da guduma, kuma wannan tsallen ne yake karya kuros na farfela, wato gaɓar sandar da ke kai juyin inji ga tayoyin baya, ko sandar aksul. Idan ka ji shi, ɗage ƙafarka daga totur nan take. Maganinsa sandunan riƙe aksul ne, ko dogaye masu tashi daga ƙarƙashin aksul zuwa shasi, ko irin CalTracs na kamfanin Calvert Racing da ke kama gaban sifirin. Ga mai jan kaya, abin dubawa shi ne kada sandar ta ƙulle idan baya ya zauna da lodi. Shi ya sa ake son doguwa wadda ƙarshenta na gaba yake da ɗan wurin motsi. Bayan an ɗaura, a gwada kusurwar da farfela ke haɗuwa da aksul, domin idan ta kauce motar za ta riƙa karkarwa a kan babbar hanya.

Sai shokazoba. Akwai na tsere zalla da ake kira 90/10, masu barin gaba ya tashi da sauri ya sauko a hankali, amma ba su da wurin zama a motar da za ta bi gangara da tirela a baya. Nemi masu maɓallin saiti, kamar na QA1 ko Viking, musamman waɗanda ake saita matsewa daban, buɗewa daban. A filin tsere ka sassauta buɗewar na gaba, na baya kuma ka ƙara musu tauri kaɗan-kaɗan har tsalle ya ɗauke. Ranar jan kaya a ƙara wa duka huɗun tauri.

Jakunkunan iska da ake sa wa tsakanin shasi da aksul, irin na Air Lift ko Firestone, su ne suka fi sauƙaƙa wannan zama da kishiyoyi. Yawancinsu suna aiki tsakanin awo 5 zuwa 100 na psi, wato ma'aunin ƙarfin iska, kuma ba a barinsu babu iska ko da motar ba lodi. Ka ja wa kowace jaka tiyonta daban. A kwana, hakan yana hana iska gudu daga ɓangaren da nauyi ya danne, a tsere kuma yana ba ka wata dabara: juyin farfela yakan rage nauyin tayar baya ta dama lokacin tashi, don haka ƙara wa jakar dama iska kaɗan yakan sa motar ta fita a miƙe.

Taya kam sai kashi biyu. Tayar tsere mai laushi ana rage mata iska zuwa ƙasa da awo 20, alhali tayar lodi mai alamar E tana ɗaukar har 80, kuma jan tirela da ta farkon neman hatsari ne. Masu manyan motocin dizal da ke tashi da tayoyi huɗu duka suna ja su kula da tayirod, domin na Silverado mai injin Duramax ya yi suna wajen lanƙwashewa, shi ya sa ake ƙarfafa shi.

Wajen gwaji, duba lokacin ƙafa 60 na farko, kimanin mita 18, a takardar da ake miƙo maka bayan kowane zagaye, domin nan ne aikin ƙafar mota ke bayyana. Canza abu ɗaya tak a kowane zagaye, ka rubuta adadin murɗi da awon iska a ɗan littafi. Kafin ka maƙala tirela kuma, ka mayar da komai bisa saitin jan kaya da ka rubuta a littafin, har da sandar hana tangaɗi ta gaba idan ka kwance ta. Nauyin da bakin tirela ke ɗora wa mahaɗi, wato ƙarfen da ake maƙala ta a bayan mota, ya kasance kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta, kuma a kan sikeli ake tabbatar da shi. Auna tsayin gaba daga ƙasa zuwa bakin bodi kafin haɗawa da bayan haɗawa. Idan ya ɗaga sosai, mahaɗi mai rarraba nauyi ne zai sauko da shi, jakar iska baya kawai take ɗagawa.