Yadda za ka fahimci gwajin alewa ta hanyar bin silsilar malaman Walter Mischel

Idan aka ce maka gwajin alewa, wato gwajin da ake auna haƙurin yaro wajen jiran lada, ya nuna cewa yaro marar haƙuri ba zai yi nasara a rayuwa ba, kada ka yi saurin yarda. Fara da tambayar a hannun wa mai gwajin ya yi karatu.

An haifi Mischel, masanin halayyar ɗan Adam da ya ƙirƙiro gwajin, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1930, ya kuma kammala digirinsa na uku a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka a 1956, ƙarƙashin Julian Rotter da George Kelly. Rotter ya koyar da cewa abin da mutum zai aikata ya danganta da abin da yake sa ran samu da darajar abin a wurinsa. Kelly kuwa, wanda ni na fi so ka daɗe a kansa, yana ganin kowa na fassara duniya da ma'aunin da ya ƙera wa kansa, kuma ana iya sauya ma'aunin. Yakan rubuta wa mai fama da damuwa siffar wani mutum daban a takarda, ya ce ya je ya rayu kamar wannan mutumin na kusan mako biyu.

Da wannan a ranka sai ka koma kan gwajin da aka fara a Jami'ar Stanford ta Amurka a ƙarshen shekarun 1960. Ana ajiye wa yaro alewa ɗaya, a ce in ya jira zai sami biyu. Dubi waɗanda suka jure. Wani ya rufe ido da tafin hannu, wani ya kama waƙa. Da aka rufe alewar, jira ya yi sauƙi, haka ma da aka ce wa yaro ya ɗauka hoton alewa yake kallo. Hannun Kelly ke nan a fili, dabara ce ake koya.

Kada ka tsallake binciken da ya biyo baya. A 2018 wani mai bincike, Tyler Watts, da abokan aikinsa sun duba bayanan yara fiye da 900, alaƙar jira da nasarar karatu ta ragu sosai bayan an lissafa halin gidan da yaro ya tashi.

In kanka kake son horarwa, kai abin da ke jan ranka wani ɗaki tun kafin sha'awar ta taso. In ɗanka ne, fara da cika masa alkawari, domin yaron da aka saba yi wa "gobe" yana da hujjar cinye ta hannunsa yanzu.