Yadda ake kai ƙarar ƙaramar hukuma a Ingila kan karatun yaro mai buƙata ta musamman

A nan Damagaram, in yaro kurma ne ko makaho ko mai jinkirin fahimta, kuma lekol ta ƙi kula da shi, uba yakan fara da direkta, ya bi ta kan mai unguwa, wani lokaci har ofishin magajin gari, duk da baki. Ƴan'uwanmu da ke zaune a Ingila da wannan al'ada suke tafiya, mu kuma daga gida muna ƙara musu da "a yi haƙuri, a bi a hankali" ta waya. Wannan shawara tana cutar da yaron, domin a can kowane koke yana da ƙofarsa da wa'adinsa. Wanda ya tsaya yana buga ƙofar da ba tasa ba, kafin ya farga an rufe tasa. Bayanin nan na Ingila ne kaɗai, Sikotilan da Wales tsarinsu daban.

Tushen komai takarda ce da ake kira EHCP, wato shirin ilimi da lafiya da kulawa, wadda dokar yara da iyalai ta 2014 ta kawo. Tana iya bin yaro tun daga haihuwa har shekara 25. In iyaye suka nemi a auna buƙatun ɗansu, ƙaramar hukuma tana da mako 6 ta ce e ko a'a, da mako 20 daga ranar neman zuwa fitar da takardar ƙarshe. Sassa uku za ku riƙe: B yana faɗin buƙatun yaron, F yana faɗin taimakon da dole a ba shi, I kuma sunan makarantar.

Kafin ku rubuta ko da layi ɗaya, ku tambayi kanku: hukuncin da hukumar ta yanke ne ba ku yarda da shi ba, ko kuwa aikin da ke wuyanta ne ta ƙi yi?

In hukunci ne, kamar ta ƙi aunawa, ta ƙi ba da takardar, ta rubuta abin da bai wadatar ba a B ko F, ta zaɓi makarantar da ba ta dace ba, ko ta ce za ta janye takardar, to wannan na kotun musamman ce ta SEND, wato mai duba shari'ar karatun yara masu buƙata ta musamman da naƙasa. Wa'adin wata 2 ne daga kwanan watan da ke jikin wasiƙar hukuncin, ko wata 1 daga ranar takardar shaidar sulhu, duk wanda ya fi nisa. Dole ku tuntuɓi mai ba da shawarar sulhu ku karɓi wannan shaida, ko da ba ku son zaman sulhun, sai dai in sunan makaranta kawai kuke jayayya a kai. A nan iyaye da yawa suke faɗawa rami: su aika koke ga hukumar, su zauna jiran amsa, wata biyun su wuce. Koke ba ya tsayar da agogon kotu.

In kuwa sakaci ne, kamar mako 20 ya zama wata goma, ko an rubuta awa biyu na gyaran magana kowane mako a sashen F amma ba a taɓa turo kowa ba, ko an yi taron bitar takardar na shekara-shekara har mako 4 ya wuce ba a sanar da ku matsaya ba, to ku fara da ofishin koke na hukumar, a rubuce, ku bi matakansa har ƙarshe. In amsar ba ta gamsar ba, ko aka daɗe shiru, sai ku wuce wurin Ombudsman, mai binciken koke-koke kan ƙananan hukumomi. Ba a biyan ko sisi. Ku lura da wannan batu na bitar shekara-shekara sosai, domin muddin hukumar ba ta rubuto matsayarta ba, ba ku da abin ɗauka zuwa kotu, sai ku makale a tsakiya.

Shi Ombudsman doka ta ɗaure masa hannu a wurare da dama, kuma gara ku san su tun da wuri.

Yawanci ba ya duba abin da ya wuce wata 12 daga ranar da kuka fara sanin matsalar. Yana iya sassautawa in akwai dalili mai ƙarfi, amma "muna ta haƙuri" da wuya ta zama dalili. Ba ya taɓa abin da kuka riga kuka kai kotu, kuma in kuna da damar zuwa kotu kuka ƙi, galibi zai ce can ya kamata ku je. Wannan iyaka tana da ɗaci ƙwarai: in kuna jayayya kan makarantar da aka zaɓa, yaron ya zauna gida wata takwas ana jiran shari'a, Ombudsman kan ce rashin karatun yana haɗe da abin da ke gaban kotu, kotun kuma ba ta biyan diyya. A ganina wannan giɓi zalunci ne ga yaro, amma haka tsarin yake, shi ya sa duk jinkirin da ya faru kafin wasiƙar hukunci ya kamata ku kai ƙararsa daban, da kwanakinsa a fili.

Haka nan ba ya shiga harkar cikin makaranta, irin su koyarwa da ladabtarwa da halin malami. Wannan sai shugaban makaranta da hukumar gudanarwarta. Amma kada a ruɗe ku: in abin da ke sashen F ne ba a yi ba, nauyin yana wuyan ƙaramar hukuma ko da makaranta ce ta gaza, don haka sunan hukumar za ku sa a koken. Kuma ba ya sauya hukunci don kawai bai yi muku daɗi ba, kuskure a hanyar yanke shi yake nema.

Abin da ake samu daga wurinsa shawara ce ga hukumar, wadda kusan kullum ake bi: ban haƙuri a rubuce, gyaran aiki, da ɗan kuɗi. Ƙa'idarsa ta 2023 ta sa fam 900 zuwa 2,400 a kowane zangon karatu da yaro ya rasa. Bincikensa yana cin watanni. In yaron ba ya zuwa makaranta ko kaɗan yanzu, ku nemi lauya kan kai hukumar babbar kotu ta duba halaccin aikinta, wanda ake shigarwa da gaggawa, kada ya wuce wata 3.

Wajen rubuta koken, shafi ɗaya ko biyu ya isa. Ku jera ranar da kuka nema, ranar da ya kamata a amsa, ranar da aka amsa, abin da yaron ya rasa, da abin da kuke so a yi. Duk maganar waya ku bi ta da imel a ranar. Takardun likita da aka taho da su daga gida da Faransanci a fassara su zuwa Turanci kafin a haɗa. In Turancin ne ke ba da wahala, ku nemi tafinta, kuma kowane yanki yana da ofishin SENDIASS mai ba iyaye shawara kyauta, ga kuma ƙungiyar IPSEA da ke da samfurin wasiƙu a intanet.